Taku Biyar

Tasawa, 18 ga Yuli

Zuwa ga Isiyaku, mai gadin itatuwan gwamnati,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da dajinka da moton nan taka mai ƙafa biyu, mai tari. Mu nan lafiya lau, sai sauro. Na kira lambarka sau bakwai, kullum matar nan ta cikin waya ke amsa mini da Faransanci. Shi ya sa na ba Talle direba wannan takarda, tunda shi ya fi rezon waya zuwa Tchake.

Shekaranjiya ka zo asibiti gwajin Gwaggo, uwarka guda, ka juya ko ruwa ba ka sha ba. Bayan tafiyarka Madam Shamsiyya, wadda ke motsa mata jiki kullum, ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ya hana ni cin abinci. Ta ce mutuwel ɗinku, asusun lafiyar nan na ma'aikata wanda ya ɗauki nauyin kwanciyar Gwaggo a nan tun da ɓarin jikinta ya shanye, yana da dokarsa. Ba ya riƙe mutum don yana ciwo, sai don yana samun sauƙi. Likitansu na zuwa daga Maraɗi duk sati biyu. In ya gwada sau uku a jere bai ga ci gaba ba, sai su janye hannu, a sallame ta. An yi biyu, Isiyaku, kuma duka biyun ya rubuta babu canji.

Na ce mata, to ke ba ki gani da idonki? Ta ce tana gani, har tana rubutawa, amma ba nata rubutun ake dubawa ba, na likita ne. A ganinta tsoron likita ke kama tsohuwar, wai tsofaffi da yawa haka suke.

Wane irin babu canji? Ranar Lahadi Gwaggo ta riƙe ludayi da hannun da ya mutu ta kai fura baki sau uku. Rabi ya zube a zane, amma ta kai. Akwai ƙarafa biyu a jere da ake kamawa a koyi tafiya, jiya ta yi taku huɗu a tsakaninsu. Bakinta kuwa ya dawo har ya yi yawa. Ta ɗanɗana miyata ta ce, "Gishirin ga ya yi yawa, ko ke ma hannunki ya shanye?" Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Ni ba a bari na shiga ɗakin gwaji, sai mai katin mutuwel kawai, wato kai. Ka gaya mini mi ke faruwa a ciki. Zuciyata na raya mini likitan nan da takardarsa a cike yake zuwa, don su huta da tsohuwa. In aka maida ita gida Bawdeta yanzu, tabarma ce har ƙarshen ranta, ka san babu mai motsa mata ƙafa a can, kuma ƙarfinmu bai kai mu riƙe ta a nan da kanmu ba.

Taubashiyarka da ka mayar baiwa,
Ramlatu

*

Tchake, 23 ga Yuli

Ramlatu,

Na samu takardarki. Lafiyata lau, alhamdu lillahi, ruwa ya sauka sosai a nan, gero ya kai gwiwa. Allah ya saka miki da alheri kan wahalar da kike yi da Inna. Kin bar ɗinkinki da 'ya'yanki wajen mutane, ban manta ba.

Amma zan roƙe ki abu ɗaya. Kada ki riƙa lallashina da labari. Ni ba yaro ba ne, shekarata arba'in da shida.

Kin tambayi abin da ke faruwa a ɗakin. Ga shi. Ina zaune a kujera kusa da gadon, don doka ta ce sai mai kati ya shaida ya sa hannu. Likita ya ce ta ɗaga hannu, ba ta ɗaga ba. Ya miƙa mata kofi da ruwa ya ce ta sha, ta kau da kai. Ya tambaye ta sunanta da sunan garinsu da sunan wanda ke zaune kusa da ita, ko uffan. Ya ce ta miƙe, sai ta ƙara dunƙulewa tana kallon ƙasa. Har ni na durƙusa na ce, Inna, don Allah ki daure ki motsa ko yatsa ne. Mutumin nan bai yi mata ƙarya ba, abin da ya gani ya rubuta, ni ma shi na gani. Minti goma yake ba kowa, amma ya ba ta sha biyar.

To ina matar da ke shan fura da kanta, tana zagi? Ni ban gan ta ba. Na san kina son ta kamar uwar da ta haife ki, kuma mai so yana ganin abin da yake fata. Shi ya sa na fita da sauri ran nan. Da na tsaya, da kin ga ƙato yana kuka a bakin asibiti, ki samu abin yi mini dariya har tsufa.

Shef, shugabanmu na ofis, ya ba ni izini zan zo gwaji na uku, ran talatin ga wata. Ko hanya ta yanke zan zo. Ba ni son ta ɗaga ido ta ga babu nata a ɗakin.

Isiyaku

*

Maraɗi, 1 ga Agusta

Ramlatu,

Gaisuwa, da fatan kun kwana lafiya. Ki yi haƙuri ban yi miki sallama ba shekaranjiya. Da likita ya rubuta na ukun, bin motarsa na yi har Maraɗi, ban ma san na hau moto ba.

Kwana biyu ina zirga-zirga a ofishin mutuwel. Wannan ya tura ni wajen wancan, wancan ya ce in dawo bayan azahar. Na ce musu uwata ce. Wata mata mai tabarau ta ce kowa da ke cikin dosiyen nan, wato takardun masu jinya, uwar wani ce ko uban wani, kuma ba ita ta yi dokar ba. Ba ta yi mini tsawa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Daga ƙarshe ta nuna mini wani layi a bayan takarda: ana iya neman gwaji ɗaya na ƙarshe. Na rubuta, sun karɓa. Talata 13 ga wata. Sharaɗin a fili yake, ta miƙe ta yi taku biyar a gaban likita, ko da tana riƙe da ƙarfe. In ta yi, za su ƙara mata wata biyu. In ba ta yi ba, kwana bakwai a kwashe kaya.

Kin ce tana yin huɗu. Ban yarda ba a lokacin, yanzu kuma ba ni da abin kamawa sai maganarki. In gaskiya ne, ki nemo mini ɗayan.

Zan zo, in Allah ya so.

Isiyaku

*

Tasawa, 5 ga Agusta

Isiyaku,

Muna lafiya. A tasha nake rubutu bisa gwiwata, Talle ya riga ya tada mota. Kada ka zo ran 13. Madam ta ce ana karɓar takardar wakilci, ka rubuta sunana ka sa hannu, shef ɗinku ya buga hatimi, ka aiko. Gwaggo ba ta iya komi in kana wurin. Don Allah kada ka zo. Bayani na biye.

Ramlatu

*

Tasawa, 6 ga Agusta

Isiyaku ɗan Gwaggo,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan ta jiya ta isa. Wannan zan ba wani mai kai buhunan taki Mayahi, ya ce zai bar ta a ofishinku na can su miƙa maka. Gwaggo lafiya, yau ma ta yi huɗu, ta ɗaga ƙafa za ta yi na biyar sai gwiwa ta ƙi.

Ka ce mini mai ƙarya, cikin ladabi irin naku na 'yan lakkwal masu boko. Abin ya ci mini rai, har na rantse sai na ga ɗakin nan da idona. Ranar gwaji na uku na zagaya baya, na taka bokiti na leƙa ta taga. Na ga duk abin da ka faɗa, ba ka ƙara komi ba. Amma na ga abu ɗaya da ku biyun ba ku gani ba. Lokacin da ka durƙusa gabanta kana roƙo, likita yana rubutu, kai kuma kanka a sunkuye. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ja mayafinta ta rufe fuska. Da hannun dama, Isiyaku. Hannun da aka yi ta roƙon ta ɗaga.

Na sauko daga bokitin ban gane ba. Kwana da kwanaki abin na yi mini yawo a kai. Sai shekaranjiya ina wanke mata ƙafa na ce, Gwaggo, mi ya sa ba ki sha ruwan likita ba? Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Ke ba ki da hankali? In buɗe baki in sha ruwa gaban wancan? In tashi ina tangaɗi, zane na zamewa, shina kallo?"

Wancan. Kai ke nan. Sai na ji kamar in mari kaina.

Kai ne ɗan farinta. Ka tuna ko sau ɗaya da ta kira sunanka? Ka taɓa ganin ta ci abinci a gabanka? Tun kana wata goma sha takwas aka kai ka Hawandawaki wajen kakarmu, in ka zo hutu ta bakin ƙannenka take aiko maka da magana, kana tsaye a tsakar gida. Ranar ɗaurin aurenka gidan maƙwabta ta gudu. Duk mun san wannan, mun saba da shi har mun daina ganinsa. Sai ga mu mun ɗauke ka mun dasa mata kai a gefen gado, muka ce ta yi rarrafe a gabanka, ta kuma faɗi sunanka ga baƙon namiji. Likita ɗan birni ne, bai san kai ne na fari ba, babu kuma layin da ya tambayi haka a takardarsa. Madam ba ta taɓa ganin ku tare a waje ba. Amma ni fa? Ni da aka goya a bayanta?

Na ce, Gwaggo, wannan ai lalura ce, ko malamai sun yi sassauci. Na gaya mata in ba ta yi ba za a kore mu. Sai ta ce, "Na sani. Ina cewa ƙahwar tashi, ba ta jin magana in shina nan." Ba taurin kai ba ne, abin ya fi ƙarfinta. Shekara arba'in da shida jikinta na koyon wannan kunya, ba a wata biyu zai manta ba.

Ba ƙin ka take ba. Duk ranar gwaji tun asuba take sa ni in ɗaura mata kallabin nan mai ruwan goro da ka aiko da salla, kuma in an ji ƙarar moto a waje ita ke riga kowa ɗaga kai. Na san zai yi maka ciwo. Ka daure ka zauna a dajinka ran Talata, ka yi mata addu'a daga can.

Ramlatu

*

Tchake, 9 ga Agusta

Ramlatu,

Lafiya lau. Na ga 'yar guntuwar takardarki, layi biyar. Bayanin da kika ce yana biye ban gan shi ba, kuma ba na jin ina bukatarsa.

Na karanta ta ya fi sau ashirin. Inna ba ta iya komi in ina wurin. To, na ji. Ni ne mai baƙar ƙafa ke nan. Ko ita ta ce miki ba ta son ganina? Ki faɗa mini kai tsaye, na saba. Tun ina ƙarami nake tsayawa a bakin ƙofarta ina jin tana dariya da ƙannena su Amani, in na yi sallama sai dariyar ta ɗauke. Mutane suka ce al'ada ce, na ce to. Na yi zaton ko yanzu da ciwo ya kwantar da ita, katina ne ya samo mata gado, zan samu in zauna kusa da ita ko na minti goma ne. Shi ma kina so ki karɓe.

Ko kuwa haushin maganar da na yi miki ne? In shi ne, ki rama a kaina wata rana, ba a wannan ba. Ba zan aiko da wata takardar wakilci ba. Ranar da za a yanke wa uwata hukunci, ba zan kasance ina ƙirga gawo a daji ba.

Ruwa ya cinye hanyar Mayahi, Talle ya ce wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe sai ƙasa ta sha. Ni da moto zan ratso, ko tura ta zan yi.

Isiyaku

*

Tchake, 16 ga Agusta

Ramlatu,

Ina gaishe ki, in kina amsa gaisuwata. Yaya jikin Inna? Ni jikina lafiya.

Jiya na biya ofishinmu na Mayahi, sakatare ya miƙo mini takardarki ta shida ga wata. Kwana tara tana cikin aljihun tebur. Na karanta ta nan a tsaye. Tawa mai zafin ma na ji Talle bai kawo miki ba sai ranar Laraba, bayan komi ya wuce. Ki ƙona ta.

Kina ɗakin, kin san abin da ya faru. Amma ba ki san abin da na gani daga bakin ƙofa ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke. Na iso a makare, laka har cinya. Aka ce mini ai an fara, Madam ta roƙi likita ya bari ki tsaya a madadina. Raina ya ɓaci, na taho da sauri. Ƙofar a buɗe take kaɗan. Na ga Inna a tsaye, Ramlatu. A tsaye, hannu biyu a kan ƙarfe, kallabin nan a kanta, tana cije leɓe. Na ji kina cewa uku. Na ga ta ja ƙafar dama, kika ce huɗu. Da na yi shiru na numfashi ɗaya, da yanzu wata takarda nake rubuta miki. Amma murna ta kwashe ni. Bakina ya riga hankalina, na ce salamu alaikum.

Kin ga yadda ta zube a kujera ta ja mayafi. Kin tura ni waje, kin durƙusa wa likita, ya yarda a sake. Ina bayan ƙofa ina jin kina cewa ya tafi, Gwaggo, wallahi ya tafi. Ta san ban tafi ba, ba ta ji tashin moto ba. Ko wannan dabarar ba ta zo mini ba. Mutum tara na jiran likita, ya jira iyakar abin da zai iya, ya rubuta huɗu.

Na koma Maraɗi washegari. Matar nan mai tabarau ta saurare ni har ƙarshe, na ga idonta ya kawo ruwa, don ita ma ta ce uwarta ba ta kiran sunan yayansu. Amma ta ce gwajin ƙarshe sunansa na ƙarshe, dosiye ya rufu. Na ce laifina ne, ba na tsohuwa ba. Ta ce babu inda za ta rubuta wannan.

Sau huɗu na ratsa daji don in taimake ta, sau huɗu ni ne ciwon. Ban san inda zan ajiye wannan ba.

Ga abin da na iya. Iskar makon jiya ta kada wani icen dogon yaro a harabar ofishinmu, shef ya bar mini shi. Na fere sanduna biyu, na auna tsayin ƙarafan asibitin da igiya ranar da na dawo karɓar takardar sallama, na goge su har ba sa kama zare. Ran Lahadi zan kai su Bawdeta in kafa a tsakar gida, gefen inuwa, in bar garin kafin ku iso ran Talata. Ki roƙi Madam ta nuna miki yadda take murza ƙafar, ki rubuta komi.

Ki riƙa aiko mini da lissafin takun. Wannan karon duk abin da kika ce zan yarda.

Isiyaku

*

Bawdeta, 12 ga Satumba

Zuwa ga Isiyaku,

Ina amsa gaisuwarka, wawa. Ina zan kai ka? Muna lafiya, gero ya fara fitar da kai, yarana sun dawo wajena nan gidan Gwaggo, na kawo keken ɗinkina.

Ka ce za ka yarda da abin da na ce, don haka ba zan yi maka zaƙi ba. Ƙafar tana komawa baya. Ina murzawa safe da yamma yadda Madam ta nuna mini, amma hannuna na tela ne, kuma idon sawun ya fara sandarewa. Madam ta faɗa mini a ɓoye ranar da muka fito cewa watannin nan biyu da aka hana mu su ne masu tsada, abin da ba a samu a cikinsu ba da wuya a same shi daga baya. Satin farko Gwaggo ko kallon sandunan ba ta yi ba, tana kwance fuska ga bango. Na yi kuka har na gaji.

Ran Juma'a ta ce in fito da ita. Ta dafa sandar, ta shafa ta tun daga wannan kai har inda hannunta ya kai, tana neman inda zai soke ta, ba ta samu ba. Ta ce wa ya kafa? Na ce wancan. Ta yi taku biyu ranar. Jiya uku. Ban sani ba ko za mu sake ganin huɗu.

Yanzu ka buɗe kunne, don saboda wannan na rubuto. Ka san zanan da ya kewaye gidan, wajen rumbu akwai inda awaki suka ɓula. Yau da hantsi na ɗauko igiya zan ɗinke wurin. Gwaggo na zaune a tabarma, ta ce, "Bar shi." Na ce awaki za su shigo su ci mana wake. Ta ce, "Su ci." Ta ɗan jima tana kallon sandunan, sannan ta ce, ba ni take kallo ba, "Mutum na iya tsayawa nan bayan rumbu shi ga tsakar gida duka, ba a gane shi ba."

Na tsaya da igiya a hannu kamar wata sakarya. Na ce, Gwaggo, in rubuta haka? Ta ce ita ba ta ce a rubuta komi ba, ita da awaki take magana.

Bayan la'asar take tashi, in rana ta sauka daga kan sandunan. Kada ka gaya mini ranar, fuskata ba ta iya ɓoye abu. Kada ka yi tari, kada ka yi sallama, ko ka ga ta faɗi kada ka shigo, ni zan ɗaga ta.

Har na naɗe takardar nan ta sake kirana. Ta ce, "In akwai mai zuwa, shi kashe moto tun daga rijiyar bakin gari, shi tako da ƙasa. Na san kukanta."

Ramlatu